Hukuncin waɗanda girgizar ƙasa ta binne ba wanka ba salla

Tambaya: Allah gafarta Malam, fatauci ya kai ni Agadir ta ƙasar Maroko. Mai masaukina ya hau da ni wani tudu, ya nuna mini kango, ya ce kakanninsa suna ƙarƙashinsa tun girgizar ƙasar 1960, ba a yi musu wanka ba, ba a sallace su ba. Mene ne matsayinsu, kuma akwai laifi a kan waɗanda suka bar su haka?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, abin da ka gani ya faru ne daren 29 ga Fabrairu 1960, a farkon Ramadan, wajen ƙarfe goma sha biyu saura, mutane sun sha ruwa sun kwanta. Cikin daƙiƙa goma sha biyar mutum 12,000 zuwa 15,000 suka rasu, kusan kashi ɗaya cikin uku na garin, wasu 35,000 suka wayi gari ba muhalli. Unguwannin Talborjt da Yachech da Founti sun zama tarin ƙasa, har sai da aka sake gina garin a kudu da inda yake a da.

Musulmin da gini ya danne shahidi ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa shahidai biyar ne: wanda annoba ta kashe, da mai ciwon ciki, da wanda ya nutse, da wanda gini ya faɗa wa, da wanda aka kashe a tafarkin Allah. Sai dai shahadarsa ta lahira ce. A duniya ana yi masa wanka da likkafani da salla kamar kowa, saɓanin shahidin fagen fama.

To, amma wankan da likkafanin da sallar farilla ce ta kifaya, wato idan wasu suka yi ta sauka daga kan saura, kuma tana rataye da iko. Malamanmu na Malikiyya sun ce idan gawawwaki suka yi yawa a zuba ruwa kawai ba cuɗawa, idan jiki zai saɓule a yi taimama. Haɗa mutane a kabari ɗaya don lalura ma yana da asali, domin ranar Uhudu Manzon Allah (SAW) ya sa an binne biyu-biyu da uku-uku. Wanda ba a iya kaiwa gare shi ba, gini ya danne shi, gawa ta fara ruɓewa, ana tsoron cuta ga masu tono, wajibcin ya saraya. Ka auna mutumin da ya tono 'ya'yansa da farcensa har yatsunsa suka yi jini, sa'annan a ce ya yi zunubi don bai samu ruwan wanka ba! Allah ba Ya kallafa wa rai sai abin da zai iya.

Sallar ga'ib kuwa, wato sallatar mamacin da gawarsa ba ta wurin, Malikiyya ba su yinta, Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta ta saboda sallar da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Najjashi, sarkin Habasha. Ni abin da na fi natsuwa da shi, ka yi musu addu'a, ka girmama wurin a matsayin maƙabarta. Yana ɓata mini rai in ji masu yanke wa irin waɗannan bayin Allah hukuncin cewa azaba ce ta same su, alhali hadisi ya kira su shahidai.

Waɗanda suka tsira dukiyarsu ta salwanta kuma, hadisin Ƙabisa a Muslim ya halatta musu neman taimako har su tsaya da ƙafafunsu, ko da jiya attajirai ne. Wallahu a'alam.