Ku Tambayi Anti: Wai ana haɗuwa da manyan mutane a jami'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, na samu gurbin karatu a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) bana, yayana sai ce min yake wai a jami'a har gajiya ake da ganin gwamnoni da 'yan fim, har hoto ake yi da su. Da gaske ne ko zuga ni yake? Daga ƙanwarki a Rigasa.

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya sa albarka a karatun. Yayanki bai yi ƙarya ba amma fa ya ƙara gishiri. Gani kam za ki gani, haɗuwa ce dai ba ta nan kusa. Ranar bikin yaye ɗalibai gwamna kan zo tunda jami'ar jiha ce, ga sarakuna ga waɗanda za a ba digirin girmamawa, to amma ke kina can baya cikin rana, jiniya za ki ji sai ki hango rawani da babbar riga, 'yan sanda sun tare ko'ina, kafin ki ciro waya an ja motoci an wuce.

Inda ake haɗuwa ta gaske shi ne ƙananan taruka, irin lakcar da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ke gayyato babban malami, ko makon ƙungiyar ɗaliban sashenku da ake kiran tsohon ɗalibi da ya zama wani abu, wani lokacin har ɗan Kannywood. Ki shiga kwamitin shirya taron, don masu kai takardar gayyata da masu tarbar baƙo a bakin ƙofa su ne suke samun magana da shi.

Kuma ki riƙa leƙawa Arewa House da ke Rabah Road, gidan Sardauna ne inda aka kashe shi a 1966, yanzu cibiyar binciken tarihi ce ta ABU Zariya, manyan Arewa suna yawan taro a wurin kuma ba nisa da makarantarku.

Abin da ke damuna da yaranmu shi ne hoto kawai suke nema, farfesan da ya rubuta littafin da suke karantawa yana ofis a zaune ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. In kin samu dama ki gaisa cikin ladabi, ki faɗi sunanki da sashenki ki yi tambaya ɗaya mai ma'ana. Wanda kuma ya ce ki same shi a otal ku ƙarasa maganar, komai girmansa kar ki je, ki sanar da gida.