Tambaya da Amsa: Wane ne mutumin da ke bayan takardar fam 50 ta Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana da ke karatu a Birtaniya ya zo hutu da takardar kuɗi ta fam 50, na ga hoton wani mutum a bayanta. Ya ce sunansa Alan Turing, wai kotu ta taɓa hukunta shi, aka yi masa afuwa bayan ya mutu. Mene ne labarinsa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. An haifi Alan Turing a Landan ranar 23 ga Yuni, 1912, ya karanci lissafi a Jami'ar Cambridge, kuma tun a 1936 ya bayyana a rubuce yadda na'ura guda za ta iya yin kowane irin lissafi idan aka ba ta umarni, wanda shi ne tunanin da aka gina kwamfuta a kansa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a Bletchley Park, cibiyar warware saƙonnin sirri ta Birtaniya, inda ya tsara na'urar da ta taimaka wajen warware saƙonnin sirri da sojojin Jamus ke aikawa da na'urarsu ta ɓoye saƙo mai suna Enigma. Wannan aiki ya kasance a ɓoye har cikin shekarun 1970, shi ya sa mutanen ƙasarsa ba su san bashin da yake bin su ba a lokacin da aka gurfanar da shi.

A farkon 1952 ɓarawo ya shiga gidansa kusa da Manchester, sai ya kai ƙara wurin 'yan sanda da kansa. Ana cikin bincike ya faɗa musu ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa yana da alaƙar jima'i da wani saurayi, abin da dokar Ingila ta wancan zamani ta haramta, sai mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma. Kotu ta same shi da laifi, aka ba shi zaɓi tsakanin gidan yari da allurar sinadarin mata na tsawon shekara guda. Ya zaɓi allurar, wadda ta sauya masa jiki har ƙirjinsa ya kumbura, aka kuma hana shi ci gaba da aikin sirri na gwamnati. A ganina wannan zalunci ne, kuma na kan ji ciwonsa duk lokacin da na koma kan labarin.

Ya mutu ranar 7 ga Yuni, 1954, yana da shekara 41. An samu gubar sayanid a jikinsa da guntun tuffa kusa da gadonsa. Masu bincike sun ce kashe kansa ya yi, amma mahaifiyarsa ta tsaya a kan cewa tsautsayi ne.

A 2009 Firayim Minista Gordon Brown ya nemi gafara a madadin gwamnati, Sarauniya Elizabeth ta yi masa afuwa a 2013, sannan a 2017 aka faɗaɗa afuwar ga sauran mazajen da aka hukunta da irin wannan doka. Takardar da yayanki ya nuna miki ta fara yawo ne ranar 23 ga Yuni, 2021, ranar zagayowar haihuwarsa.