Amsa ga mai son kai yara bakin teku a Legas cikin dogon hutu

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki. Kin ce za ku taso daga Gusau ke da yaranki huɗu cikin watan Agusta, ku sauka gidan yayanki a Agege, kuma yaran sun hana ki sakat sai an kai su sun ga teku. Kina son sanin wane bakin ruwa ya dace da iyali, me za ki riƙe, kuma ko akwai haɗari. Shekarata 14 da aure a garin nan, kuma da wuya baƙo ya sauka gidanmu daga Arewa ya koma ba mu kai shi ya ga ruwan ba. Abin da idona ya gani shi zan faɗa miki.

Ki kai su, wannan ba na ja da shi. Yaron da iyakar ruwan da ya sani kududdufin unguwa ne ko dam, ranar da ya tsaya gaban ruwan da ba a hango ƙarshensa sai ki ga bakinsa ya mutu. Ranar da muka kai mahaifiyata ta fi minti goma a tsaye riƙe da bakin mayafinta, ba abin da take maimaitawa sai Subhanallah. Amma kafin maganar wuri da guzuri, akwai abu ɗaya da nake so ya zauna miki a rai: teku ba kogi ba ne, kuma wanda ya iya iyo a kogi shi na fi ji wa tsoro.

Ƙanin maigidana a Wudil ya tashi, a bakin kogi. Tun yana ɗan firamare yake tsallake ruwa da damina ya dawo, duk gidansu an san shi da haka. Shekarar da ya gama sakandare ya zo mana hutu, muka kai shi wani bakin ruwa can gaba da Aja, ta hanyar Epe. Ya duba ya duba, sai ya hango wani wuri tsakanin raƙuman ruwa guda biyu inda ruwan ya kwanta luf, babu kumfa, launinsa ya ɗan fi na gefe duhu. Ya ce nan ne mai sauƙi, ya tuɓe riga ya shiga. Wallahi ina zuba wa yara shinkafa a faranti, na ɗago kai ke nan sai na ga kansa ya koma kamar ƙwallo can nesa. Yana ta bugun ruwa yana nufo mu, ruwan kuma yana ƙara yin baya da shi. Yayansa ya zabura zai faɗa, wani dattijo masunci ya cafke shi ta ƙugu ya ce in ya shiga gawa biyu za a fitar. Wasu samari biyu 'yan wurin ne suka shiga da jarka babba wadda ba komai a ciki, kuma ba ta inda ya bi suka bi ba, ta gefe suka zagaya. Da aka fito da shi ya kwanta kan yashi yana amayar da ruwan gishiri, ƙafafunsa na rawa, ya fi rabin awa bai iya magana ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Dattijon nan ne ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Duk ruwan da igiya ta watso gaɓa dole ya koma inda ya fito, to sai ya tattaru ya nemi wata siririyar hanya cikin yashin ƙasa ya bi ta da gudu zuwa ciki. Wurin nan da ya yi kama da ya lafa, shi ne hanyar. Gudunsa kan fi ƙarfin gwanin iyo, kuma ba ƙasa yake jan mutum ba, nesa da gaɓa yake kai shi. Gajiya da firgita ne ke kisa. Wanda ya samu kansa ciki kada ya yi kokawa da ruwan, ya kwanta a kai ya ɗaga hannu a gan shi, in zai yi iyo ya yi ta gefe, ya bi tsawon gaɓar har ya fita daga hanyar, sannan ya nufo tudu. Wanda ke waje kuma kada tausayi ya sa shi ya faɗa. A yi ihu a kira 'yan wurin, a jefa masa abin da ke yawo kan ruwa. Ki ajiye lambobin gaggawa na jihar Legas a wayarki, 112 da 767.

Kuma ki sani lokacin da kuka zaɓa shi ne lokacin fushin ruwan. Dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa. Daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta ruwan sama kan ɗan tsagaita a nan Kudu, shi ya sa ake samun damar fita, amma tekun kansa a watannin nan ya fi ƙarfi ya fi sanyi. Gari a lumshe, iska na kaɗawa, yaro ya jiƙe minti kaɗan sai ki ga haƙoransa na haɗuwa. Gaɓar Legas kuma ba a shimfiɗe take ba, tana da gangara. Taku uku ruwa na idon sawu, na huɗu ya kai ƙugu. In igiya ta zo za ta koma, sai ki ji tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin tafin ƙafarki. Babba ma sai ya dafa, balle ɗan shekara biyar. Dokar gidana ita ce, a buɗaɗɗen teku ba mai wuce inda ruwa ke lasar ƙwauri, ƙananan kuma hannunsu na cikin na babba, kuma ba a juya wa ruwa baya ko don ɗaukar hoto.

Maganar wuri. In wani ya ce miki Bar Beach, labarin da ne. Lokacin da aka kawo ni garin nan ana cikin cike shi da yashi, yanzu a kansa unguwar Eko Atlantic take. Shi ma bakin ruwan Landmark da ake yawan ganin hotunansa, an rushe shi a 2024 saboda babbar hanyar da za ta bi gaɓa daga Legas zuwa Kalaba. Akwai Elegushi a Lekki, akwai Eleko can gaba, akwai na Badagry ta yamma, kuma dukkansu kai tsaye suke kallon tekun Atilantika.

Ni da ƙananan yara Tarkwa Bay nake zaɓa. Tun zamanin Turawa, daga wajen 1908, aka fara jera manyan duwatsu cikin teku don kare mashigar jiragen ruwa zuwa tashar Legas. Tarkwa Bay a lungun duwatsun nan yake, su suke karya ƙarfin igiya kafin ta iso. Su ne ma suka tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma, har ya sa teku ya yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru. Ba a zuwa wurin da mota, sai a jirgin ruwa, ana hawa ta Marina ko ta Falomo a Ikoyi, tafiyar kamar minti 20. Ga yara, shigar jirgin kanta rabin yawon ce, don za ku gifta manyan jiragen dakon kaya masu nufar Apapa, kowanne ya fi bene tsawo. Sai dai ki tsaya tsayin daka kan abu uku. Kowa ya sa rigar kariyar nan mai hana nutsewa, a ɗaure ta tamau, ta yaro ta zama daidai jikinsa, don in ta yi masa yawa zamewa zai yi ta ƙasa. Doka ce ta hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, LASWA, ba alfarma za a yi miki ba. In kin ga an cika jirgi fiye da kujerunsa, ki sauko da yaranki ki jira na gaba. Sannan ku dawo da sauran rana. A can ma ku tsaya cikin lungun. In kuka zaga bayan duwatsun kun fita buɗaɗɗen teku ke nan, dokar ƙwauri ta dawo.

Ranar aiki za ku je, Talata ko Laraba, kuma da sassafe. Asabar da Lahadi daga azahar wuraren nan cika suke da kiɗa da shaye-shaye da shigar da ba za ki so yaranki su ƙura wa ido ba. Da safiyar ranar aiki kuwa daga ku sai masunta sai masu shara. Ku bar Agege da an idar da asuba, kafin gosulo ya kama, ku juyo kafin ma'aikata su taso. In kun hau gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, yara za su fara ihun ga teku ga teku. Ba shi ba ne tukuna. Wannan tafkin Legas ne, Yarabawa na ce masa osa, tekun kuma okun. Ki nuna musu gidajen katako na Makoko da aka kafa kan ruwa.

In kun isa, kada ki shimfiɗa tabarma dab da ruwa don kin ga yashin a bushe. Teku na cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, kuma da wata yake tafiya. Cikarsa ta fi yawa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Ki duba inda ruwa ya jera tarkacen ciyawa da robobi kamar an ja layi, nan ya tsaya a cikarsa ta baya, sai ki zauna sama da wurin. Mun taɓa ganin wasu bayin Allah igiya ɗaya ta tafi da takalmansu da kular abincinsu.

Sutura kuwa, ki raba 'yan matanki da zani da dogon hijabi a bakin ruwa. Atamfa in ta sha ruwa nauyi take yi ta naɗe ƙafa, dogon hijabi kuma igiya na iya juyo shi ya rufe fuska. Dogon wando da riga mai kauri zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi sun suturta, kuma ba su hana motsi. Kowa da kayan canji, da tawul, da rigar sanyi ga ƙananan. Kada lumshewar gari ta ruɗe ki, ranar wurin tana ƙona fata ko ta bayan gajimare, mu ma baƙaƙe sai ki ga hanci da goshi suna saɓa bayan kwana biyu. A kama rumfa, a sa hula. Ki riƙe man kaɗanya na shafawa bayan an ɗauraye jiki, don gishiri na busar da fata.

Abinci ki yi wanda ba ya saurin lalacewa: dafa-duka, soyayyar kaza, dambun nama, cincin, dafaffen ƙwai. Zoɓo ya fi kunun aya jure tafiya, shi kunun aya kafin azahar ya fara tsami in ba ƙanƙara. Ruwan sha ki ninka abin da kike zato, har da jarka guda ta wanke ido da ƙafa. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35, in ya shiga idon yaro sai kuka. Wasu wuraren ba sa bari a shiga da abincin waje, wasu sai an biya, don haka yayanki ya bincika tun ana gobe. Ki riƙe tsabar kuɗi ƙanana, saboda bayan kuɗin shiga akwai na ajiye mota, na rumfa, na kujera, na banɗaki. Kome za a ba ki, ko ɗanyar kwakwa ce, a yi ciniki kafin a fasa ta. Haka hawan doki. Da yawan masu dawakin da na tarar 'yan uwanmu ne 'yan Arewa, in kin yi musu Hausa za ki ga fara'a, amma duk da haka a tsayar da kuɗi da iyakar inda za a kai kafin yaro ya hau.

Salla ba ta da wahala. Ki tafi da darduma da buta. Ruwan tekun kansa ya halatta a yi alwala da shi, don an tambayi Manzon Allah (SAW) game da shi ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Babba ya ɗebo a buta ya kawo tudu, ba sai an jeru a bakin igiya ba. A gaɓar Lekki teku na kudu ne, in kika sa shi a hannun damanki kika ɗan karkata hagu kin fuskanci alƙibla.

Abu na ƙarshe, yara huɗu sun fi ƙarfin ido biyu. Ku tafi da manya aƙalla uku, a raba yaran, kowa ya san wanda ke wuyansa. Wanda ke tsaron yara ba ya riƙe waya, ba ya zuba abinci. Ranar da abin nan ya faru da ƙanin maigidana mu shida ne manya a wurin, kowa na zaton wani na kallo. Tun daga ranar, in za mu fita sai na kira sunan kowane yaro na haɗa shi da babbansa tun a cikin mota.

Ki ba kowannensu leda ya tsinto ɓawon katantanwar ruwa da ke zube kan yashi ya kai wa kakarsa tsaraba. In kun tarar da masunta na jan taru, ku tsaya ku kalla har su fito da shi, ki sayi kifin a nan take. In kun iso ki yi min magana, tsakanina da Agege ba nisa. Allah ya kawo ku lafiya, ya tsare mana zuri'a.