Yadda ake atisayen Am9 daki-daki a kan charango

Tambaya: Malam, na fara koyon charango, 'yar ƙaramar molon nan ta mutanen Bolibiya da Peru. Ina son kaɗa sautukan Am9 (haɗin sauti biyar: la, do, mi, sol, si) ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, amma da na bi tsirkiyoyin a jere sai sautin ya riƙa hawa yana sauka. Hannuna ne ko kayan kiɗan?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, hannunka lafiya lau. Haka aka ɗaure charango. Tsirkiya 10 gare ta, biyu-biyu, layi 5, kuma daga layi na 5 zuwa na 1 sautukansu sol, do, mi, la, mi ne. Ba a jera su daga mai kauri zuwa mai siriri kamar jita ba. Sauti mafi kauri yana tsakiya, a layi na 3, inda aka haɗa mi babba da mi ƙarama. Shi ya sa bin layi a jere ba zai taɓa ba ka hawa mai tsari ba.

Amma wannan ɗauri ya yi maka gata. Ko ba ka danna komai ba, kana da la, do, mi, sol, wato Am7 cikakke. Sauti ɗaya ya rage, si, shi ne na tara idan aka ƙirga matakan sauti daga la zuwa sama.

Ga hanyar da nake so ka bi. Ka fara da la a layi na 2, ba danni. Ka tsallaka zuwa layi na 4 ka ɗauki do da babban yatsa. Ka dawo layi na 1: mi ba danni, sol a gaɓa ta 3, si a gaɓa ta 7 (gaɓa ita ce rabe-raben wuyan charango inda ake danna tsirkiya). Layi na 3 ka bar shi tukuna, domin mi mai kaurin nan takan faɗo ƙarƙashin la ta dagula jerin.

Wahalar tana wuri biyu. Na farko tsallaken daga layi na 2 zuwa na 4, wanda hannun dama zai saba da shi cikin 'yan kwanaki. Na biyu shi ya fi cin rai: tafiya daga gaɓa ta 3 zuwa ta 7. Ka danna sol da manuniya, si da ƙaramin yatsa. Wuyan charango gajere ne, tsawon tsirkiya bai wuce santimita 37 ko makamancin haka ba, don haka yatsu za su kai ba tare da ka ɗaga hannu ba. Ka tabbata ka danne tsirkiyoyi biyun da ke layin tare, in ba haka ba ɗaya za ta yi ƙara ɗaya ta shaƙe. Ka sa metronom, wato na'urar da ke ƙirga bugun kiɗa, a bugu 60 a minti, sauti ɗaya kowane bugu, hawa da sauka, kada ka ƙara sauri sai kowane sauti ya fito tangaran. Tsirkiyar charango ba ta jan amo, sautin da bai fito da kyau ba ya tafi ke nan.

Idan kana tare da mai jita da zai riƙe maka la a ƙasa, gwada wannan: danna gaɓa ta 2 a layi na 2, la ta koma si, ta zauna dab da do. Ni a kunnena wannan gogayyar tsakanin si da do ta fi si ɗin can sama daɗi nesa ba kusa ba, kuma yatsa ɗaya kawai take buƙata.