Amsa ga mai riɗin da Turanci ke guje masa a gaban baƙi

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce riɗi da zoɓo kake sayarwa a Dawanau, kana shirin zuwa baje kolin Legas, amma da baƙo ya tambaye ka sana'arka da Turanci sai bakinka ya mutu, alhali saƙon rubutu kana gane shi sarai.

Ba nahawu ne matsalarka ba. Mu da doguwar gaisuwa aka raine mu, sai an tambayi gajiya da iyali kafin a taɓo abin da ya kawo mutum. A dandalin Tafawa Balewa kuwa, inda LCCI, ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Legas, ke yin baje kolin a watan Nuwamba, wanda ya tsaya gaban rumfarka bai fi rabin minti gare shi ba, ido ɗaya ma yana kan rumfar gaba. Ni abin da ya fisshe ni jimla uku ne da na haddace kamar karatun allo: sunana da garina, abin da nake sayarwa, da irin mutumin da nake nema. Kada ka ce "I am into business", duk wanda ke filin nan kasuwanci ya kawo shi. Ka ce "I supply cleaned sesame from Kano, by the container", ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya, amma shi ke ba baƙon damar tambaya. Kuma ka ajiye kunya a gida. Faɗin tan nawa kake iya haɗawa a wata ba yabon kai ba ne.

Tambayoyin da za su biyo baya sanannu ne: tsabtar kayan kashi nawa ce, danshi nawa, akwai samfur, farashin FOB ne (wato har a loda kayan a jirgin ruwa) daga tashar Apapa ko a sito za a ɗauka. Rubuta amsoshinka, ka faɗe su da ƙarfi a WhatsApp, ka tura wa kanka, ka saurara. Ranar farko muryarka za ta ba ka haushi, kowa haka ya ji. Daga nan ka sami wani ya zama baƙon, ya riƙa katse ka yana canza tambaya, domin hadda kaɗai rushewa take yi da zarar an kauce mata.

Batun "p" da "f" kada ya hana ka barci. 'Yan kasuwar Sin da mutanenmu ke ciniki da su a baje kolin Kanton na Guangzhou, a Afrilu da Oktoba, da yawansu Turancinsu bai kai naka ba, kuma kwantena na tashi. Inda nake tsoro shi ne lissafi: 15 da 50 a bakin Turanci kusan ɗaya suke a cikin hayaniya. Duk farashi ka buga shi a kalkuleta ka nuna masa.

In kana leƙa Abuja, nemi kulob ɗin Toastmasters, ƙungiyar koyon magana a gaban jama'a da aka kafa a Amurka a 1924. Suna tsayar da mutum ya yi magana ta minti ɗaya zuwa biyu ba shiri, wanda shi ne ainihin ciwonka.

Duk katin da aka ba ka, rubuta a bayansa abin da kuka tattauna, ka tura masa saƙo a daren da hoton samfur da farashi.