Matar Basarake a Faransa ta Da: Amsar Tambayar Hajiya

Hajiya, barka da war haka. Kin tambaye mu, mu mazauna yankin Champagne na gabashin Faransa, ko matan manyan gidajen nan tun asali suke da ta cewa a gidan miji. A ƙarni na 12 da na 13 gona da gari ne ke ba mace baki. Wadda aka rubuta wa ƙasa da sunanta ana sauraronta, wadda ba ta da ita sai yadda aka yi da ita.

A fara da aure. Iyaye ne ke ƙullawa, sau da yawa tun yara na shekara 7, amma dokar coci ba ta yarda a ɗaura ba sai yarinya ta kai 12, yaro 14, kuma sai sun furta yardarsu da bakinsu. Abin da zai ba ki mamaki, auren zumunci haramun ne a wurinsu. Ba ɗan kawu da 'yar goggo kaɗai aka hana ba, don da can hanin ya kai hawa bakwai na dangantaka, sai taron malaman coci na Lateran a Rum ya rage shi zuwa huɗu a 1215. Saki kuma babu. To sarakuna kusan duk dangin juna ne, saboda haka wanda ya gaji da aure sai ya tono asali, a ce tun farko auren bai ɗauru ba. Haka aka raba Aliénor ta Aquitaine da Sarkin Faransa Louis na VII a 1152. Ta tafi da ƙasarta, 'ya'yanta mata biyu suka zauna wurin ubansu, bayan wata biyu ta auri Henri wanda ya zama sarkin Ingila.

Dukiyar aure kashi biyu ce. Akwai wadda uba ke haɗo 'yarsa da ita, kuɗi ko ƙasa, miji ke juya ta muddin yana raye. Akwai kuma wadda miji ke ware wa matar tun ranar ɗaurin aure, ta ci amfaninta in ya riga ta mutuwa: sulusin ƙasarsa a Normandi, rabi a yankin Faris. Kada ki auna shi da tumunin takaba. Tumuni mallakar mace ne, wannan kuwa aro ne na tsawon rai. Tana karɓar haraji da kuɗin injin niƙa da na kasuwa, amma ba ta da ikon sayarwa, ranar da ta mutu ya koma hannun magadan miji. Rigima takan tashi in uwar miji ta yi tsawon rai, ga matar ɗa ita ma ta zama bazawara: sai magaji ya tarar da yawancin ƙasar na hannun mata biyu.

'Ya'ya ba sa daɗewa a gaban uwa. Mai shayarwa ake ɗauka, uwa kuma ba ta komawa coci sai ta yi arba'in. Namiji in ya kai kamar shekara 7 a tura shi gidan wani basarake ya koyi hawa da riƙon makami. Mace ko dai gidan da za ta aura ko gidan mata masu ibada na coci. Ita uwargida aikinta lissafi ne: rumbu, giya, kakin kyandir, albashin barori, da tafkin kifi, don ranar Juma'a da kwana 40 na azuminsu ba a cin nama. Tana da hatiminta na kanta, dogo mai tsini sama da ƙasa, da hotonta a tsaye.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Blanche, 'yar Sarki Sancho na VI na Navarre, wata masarauta a arewacin Sifen ta yau. Ta auri Thibaut na III, mai mulkin Champagne, a 1199, aka ware mata garuruwa, ciki har da Épernay da Vertus da Sézanne. A Mayun 1201 mijin ya mutu ya bar ta da 'ya guda da tsohon ciki. Kwanaki kaɗan bayan haka ta haifi namiji.

Nan ne hatsarin yake. Champagne na da kasuwannin duniya shida a shekara, biyu a Troyes, biyu a Provins, ɗaya a Lagny, ɗaya a Bar-sur-Aube, kuma ba wanda zai zuba ido jariri ya gaje su. Blanche ta ruga wurin Sarkin Faransa Philippe Auguste ta yi mubaya'a. Bai karɓa kyauta ba: ta miƙa masa ganuwar Bray da ta Montereau, ta ba shi riƙon 'yarta, ta yi alkawarin ba za ta sake aure ba sai da izininsa. Wannan sharaɗi na ƙarshe, a ganinmu, ya fi yi mata amfani fiye da sarkin, don sabon miji da shi zai karɓe ragamar mulki. Daga baya ta samu sarki ya amince ba zai saurari ƙarar kowa kan gadon ba sai yaron ya cika 21.

Duk da haka yaƙi ya zo. Wan mijinta, Henri na II, wanda ya mulki Champagne kafin mijin nata, ya mutu a birnin Akka na Gabas ta Tsakiya a 1197 ya bar 'ya'ya mata. Érard na Brienne ya auri ɗaya daga cikinsu, Philippa, ya dawo yana neman Champagne da sunanta, aka fara gwabzawa a 1216. Blanche ta bi ta hanya uku. Ta sa coci ta yi shakkar halaccin auren iyayen Philippa, Paparoma kuma ya kori Érard daga coci. A 1218 ta fita da runduna kan mai mulkin Lorraine da ke mara masa baya. Daga ƙarshe kuma ta biya su kuɗi suka janye.

A 1222 ta miƙa wa ɗanta Thibaut na IV mulki bayan shekara 21 tana riƙo, ta koma gidan mata masu ibada na Argensolles da ita ta kafa, ta mutu a 1229. A 1234 ɗan ya gaji sarautar Navarre ta wajenta, bayan rasuwar kawunsa Sancho na VII.