Kwali ɗaya, farashi uku: yadda ake lissafin kuɗin aika kaya

Tambaya: Ina sayar da shadda da huluna daga Kano, yawancin cinikina ta WhatsApp. Wata kwastomata a Landan ta yi oda, na ɗaure kayan a kwali, na kai wurare uku, kowa ya faɗi kuɗinsa daban. Wani ma cewa ya yi kilo 12 zan biya, alhali a gida na auna kilo 6. Yaya zan san kuɗin tun kafin in fita, kuma ina ya fi sauƙi?

Amsa: Hajiya, wanda ya ce miki kilo 12 bai cuce ki ba, kwalinki ne ya ja miki. Jirgin sama wuri yake sayarwa, don haka kamfanonin aika kaya awo biyu suke yi: nauyin da sikeli ya nuna, da nauyin girman kwali. Wanda ya fi yawa a cikin biyun, da shi ake yanke kuɗi.

Ga yadda ake fitar da na biyun. Ki sa tef ki auna tsawo da faɗi da tsayin kwalin da santimita, ki ninka su, ki raba da 5,000. Da wannan lamba DHL ke aiki. Masu kago, wato masu jigilar kaya ta jirgin sama, da yawa kuma da 6,000 suke rabawa, to tun daga nan kin ga inda bambancin farashi ya fara. A ce kwalinki 50 ne da 40 da 30. Ninkawa ta ba da 60,000, rabawa da 5,000 ta ba da kilo 12. Da kin sami kwali mai 40 da 30 da 25, lissafin kilo 6 zai ba da, daidai da abin da sikelinki ya nuna, kuɗin ya faɗo sosai ba tare da kin cire ko hula ɗaya ba.

Hula ce ke wannan ɓarnar. Ba ta da nauyi, sai cin wuri. Ki riƙa cusa wata cikin wata, ki cike cikin ta ƙarshe da ƙananan kaya. Shadda kuwa ba ruwanta da wannan matsala, nauyinta na gaske ne, in kin jera ta ta kwanta sikeli ne zai yi hukunci. Kwalin taliya ko na sabulu da aka tsinta a kanti sau da yawa ya fi kayan girma, gara ki sa wuƙa ki rage masa tsayi. Ki kuma kula da giram ɗin da ya ɗan haura, domin ana cike awo zuwa rabin kilo ko kilo na gaba: kilo 6 da giram 100 ba a kilo 6 za a lissafa shi ba.

Da kin sami awon, ba sai kin yi yawo da kwali a Adaidaita Sahu ba. Manyan kamfanoni suna da wurin lissafi a shafukansu na intanet, sauran kuma ki kira su. Tambaya ɗaya za ki yi wa kowa: nawa ne duka, har ƙofar gidan mai karɓa? Farashin farko da ake faɗa sau da yawa babu ƙarin kuɗin mai a ciki, babu inshora, babu ƙarin da ake ɗora wa ƙauyen da ke nesa da gari. EMS na gidan waya, wato NIPOST, shi ma ki sa shi cikin kwatancen. Masu kago da ke tara kayan mutane su aika gaba ɗaya galibi sun fi arha a kan kowane kilo, amma suna da mafi ƙarancin nauyin da suke karɓa, sukan jira kaya su taru, wani lokaci kuma mai karɓa ce za ta je ta ɗauko. A ganina, in kayan sun kai kilo 10 kuma babu gaggawa, ki fara da su. In kayan biki ne da aka sa wa rana, ki biya mai tsadar da ke ba da lambar bibiya.

Akwai kuɗin da ba a Kano ake biyansa ba. A Ingila, kayan da darajarsu ta haura fam 135 ana karɓar harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a wurin shiga, wani lokaci da kuɗin kwastan, kamfanin kuma ya ɗora ladan fito. Ki gaya wa kwastomarki tun kafin ta biya, kada kaya su iso a fara gardama. Kada kuma ki rubuta cewa kyauta ce alhali ciniki ne. Sassaucin da ake yi wa kyauta a can bai wuce fam 39 ba. In ta ce ki jefa mata kilishi a ciki, ki ba ta haƙuri, dokarsu ta hana shigar nama daga Najeriya ta wannan hanya, yana iya jawo a riƙe kwalin duka. Turaren fesawa ma sai kin tambaya tukuna, domin a matsayin abu mai kama wuta ake lissafa shi.